Ranar da Kwanukanmu Suka Dawo a Cike

Shekaranjiya murfin kwanon samira ya suɓuce daga hannun 'yata, ya faɗi kan siminti yana ta kaɗawa kafin ya kwanta. Ita dariya ta yi, ni kuwa sai da gabana ya faɗi. Ta ce, "Mama, murfi ne fa kawai." Na ce mata na sani. Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan ƙarar ce ta cika tsakar gidanmu wata ranar Kirsimeti ina 'yar shekara tara, kuma har gobe idan na ji ta sai jikina ya yi sanyi.

A wani ƙauye kusa da Baure aka haife ni, a ƙasar Daura. Gidanmu ne kaɗai gidan Kirista a garin. Kakana namiji ne ya karɓi bangaskiya tun yana saurayi, lokacin da ya yi jinya a wani asibitin mishan, kuma a bayan gidan aka binne shi, a gindin wata kanya. Ranar Lahadi a zaure muke sujada, mu da wasu gidaje biyu da ke zuwa a kan keke daga ƙauyukan kusa. Matarsa, Kaka, ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin sujada duk suna kanta, kuma muryarta har bakin rijiya ake jin ta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baffa. Musulmi ne, mai kiwon tumaki, kuma ba mu haɗa jini da shi ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, sai Kaka ta ɗauke shi ta haɗa da Baba ta shayar da su tare. Inna yake ce mata. Baba kuwa, ƙanena Baffa yake ce masa, wai don ya riga shi zuwa duniya da kwana arba'in, kuma suna furfura suna wannan gardamar.

Ga yadda muke yi duk Kirsimeti. Baba zai kiwata taure tun damina, amma ba shi zai yanka ba. Maƙwabtanmu ba sa cin yankan da ba na Musulmi ba, mu kuma bikin da maƙwabci bai ci ba ba ma kiransa biki. Saboda haka da hantsi Baffa zai shigo da wuƙarsa, ya fuskantar da tauren gabas ya yanka, ya wanke hannu, Kaka ta ba shi hanta. Mama ta dafa shinkafa da miya, ni in kai gida-gida. Kwano kuwa ba ya dawowa haka nan. Wata ta zubo gyaɗa, wata gero, wata ƙwai biyu. Da Sallah kuma nasu kwanukan su cika mana ɗaki. Haka na tashi na gani, na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. In faɗa maka gaskiya, ba wanda ya zage mu, ba wanda ya taɓa mu. Amma rediyo kullum labarin tashin hankali yake kawowa daga manyan garuruwa, kuma tsoro ba ya jiran a taɓa mutum. Gidajen nan biyu da muke sujada tare suka kwashe kaya bayan girbi suka tafi. Zaure ya rage mu kaɗai. Baba ya fara ganin kamar gaisuwar mutane ta gajarta, ya fara maganar mu ma mu koma wajen Jos. Kaka ta ce ba inda za ta, mijinta yana gindin kanya. Suka yi ta ja har Baba ya yanke magana.

"To Inna, mu ga Kirsimeti. In suka karɓi kwanonmu kamar kullum, mun zauna. In suka mayar, ko ke sai kin shiga mota."

Kaka ta ce ta yarda, wanda ya zaunar da ita a nan ai ba barci yake ba.

A shekarar nan Kirsimeti ya faɗo a ƙarshen azumi, don haka aka shirya a kai abincin da yamma, a yi buɗa-baki da shi. Muka yi sujada da safe, muka zauna jiran Baffa. Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, shiru. Aka aike ni in leƙa. Na tarar da ƙofar gidansa a rufe da kwaɗo, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Na dawo da gudu na faɗa.

Fuskar Baba ta canja. Ya ce, "Har shi? Ya kulle gida don kada ya yanka mana?" Kaka ta ce a ƙara jira. Mama ta ce a kira wani. Baba ya ce shi ba zai bi gari yana roƙon a yanka masa abin da ya kiwata da guminsa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa. Kafin Kaka ta lallaɓo da sandarta daga bakin ƙofa, taure ya riga ya kwanta. Ta tsaya ta riƙe baki. "Ka yanka? Kai da hannunka?" Baba ya sunkuya ya hau fiɗa. Ƙaurin babbaka ya tashi a gidan kamar kowace shekara, amma ba mai magana da wani.

Bayan la'asar Mama ta zuba kwano bakwai, na fara kaiwa. A gidan farko, matar da nake kira Gwaggo ta karɓa da fara'a, har ta yi mini barka da biki. Sai ta ce, "Ke, na ga gidan Baffanku a kulle tun safe. Wa ya yanka muku?"

Na ce, "Baba ne."

Wayyo ni! Da na san abin da kalma biyun nan za su jawo. Hannunta ya tsaya a kan murfin. Ba ta ɓata rai ba, kunya ce ma ta kama ta, ta ce in gaida Mama. Na ci gaba da rabo ina tsalle abina. Kafin in kai na bakwai, magana ta riga ni zagaya gari.

Ina dawowa na tarar da kwanon farko a tsakar gida. Sai na biyu ya shigo, sai na uku. Kowanne a rufe, da nauyinsa, da ɗuminsa. Mama ta riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga gyaɗa ko gero, sai ta ga shinkafarta yadda ta zuba ta, ko cokali ba a sa ba. A na bakwai murfin ya suɓuce mata, ya faɗi yana ta kaɗawa a ƙasa. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Ni dai na daskare a tsaye. Mutanen da suka goya ni, waɗanda nake cin tuwo a ɗakunansu, yau sun mayar mana da abinci!

Mama ta juyo kaina da hawaye. "Ke ba ki iya yin shiru ba?"

Kaka ta daka mata tsawa. "Ranar haihuwar Mai Ceto kike so ta yi ƙarya? Ki bar mini yarinya."

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ɗauko igiya ya fara ɗaure tabarmi da buhuna. Kaka ta ja kujerarta ta zauna a gaban kwanukan nan bakwai. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, yadda take yi da mutum idan yana kusa: "Ya Uba, kai ka ajiye ni a garin nan. In tashi ne, ka ba ni ƙafa. In zama ne, ka nuna wa yaron nan." Na kwantar da kai a cinyarta ina kuka, ina ganin ni na kore mu daga gidanmu.

Rana ta kusa faɗuwa muka ji sallama. Baffa ne, ya jingina keke a zaure, leɓensa a bushe don azumi. Ashe tun asuba aka zo aka tashe su, 'yarsa da ke aure a garin Babban Mutum haihuwa ta zo mata da gardama, shi da matarsa suka fita ba su ko waiwaya ba. Ya shigo yana cewa, "Inna, an samu namiji, a yafe mini, yanzu zan…" Sai idonsa ya faɗa kan fatar taure a shanye, da kwanuka a jere, da kaya a ɗaure.

"Mene ne haka?"

Baba ya ce, "Na ga kwaɗo a ƙofarka. Na yanka. Sun mayar. Gobe za mu tafi."

Baffa ya yi salati. Ya dubi Baba kamar bai taɓa ganinsa ba. "Ni? Ni ka zata na kulle maka ƙofa? Haba ƙanena!" Sannan ya ce, "Da sunan wa ka yanka?"

"Da sunan Allah mana."

"To, ɗauko tabarma."

Baffa bai shimfiɗa ta a cikin gida ba. Ƙofar gida ya kai ta, bakin hanyar da kowa ke bi zuwa masallaci. Ya ce in kawo masa ruwan randar Kaka da kwano ɗaya. Ana kiran sallah ya kurɓi ruwa, ya buɗe kwanon, ya ɗauki tsoka ya kai baki, mutane na wucewa. Kai, na ga dattawa sun ja sun tsaya cak! Wani ya ce, "Malam, ka san ko yankan wa ne?" Baffa ya haɗiye, ya ce, "Na sani. Na tambaye shi, ya faɗa mini. Shekara biyu ina shan nonon matar gidan nan ba wanda ya zo ya hana ni, sai yau za a ce in mayar mata da kwano?" Ya suɗe yatsa, ya ce in rufe masa sauran, ya bi sahu ya tafi sallah.

Ba zan ce maka gari duka ya juyo ba. Gida uku ne suka aiko a ba su kwanukansu, Gwaggo ce ta fara, kuma nata ya dawo da gyaɗa har baki. Sauran ba su aiko ba, suna da fahimtarsu, kuma washegari sun gaishe mu kamar kullum. Baba ya kwance igiyar da kansa. Bai ƙara riƙe wuƙa ranar Kirsimeti ba. Muka zauna har Kaka ta cika, kuma Baba da Baffa ne suka haƙa mata kabari kusa da mijinta a gindin kanya.

Yau ina birni, a unguwar da kusan kowa Kirista ne. Majami'armu ta cika har waje, ba mai tambayata wa ya yanka, kuma ban san sunan mai gidan da ke bayan katangata ba. Idan na ji ana cewa mutum ya dogara ga Allah, ba babban taro nake tunawa ba. Tsohuwa nake gani a gaban kwano bakwai, da wani mai azumi da ya shigo a kan keke. Baffa ya tsufa, ido ya tafi, ba ya iya riƙe wuƙa. Amma duk Kirsimeti sai ya sa an kira ni a waya, kuma kafin gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: "'Yata, kwano nawa kika fitar bana?" Bara kunya ta hana ni amsawa. Bana na sayi bakwai.