Hatimin Kwata da Bijimin Alhaji Ɗanladi

Lambar fayil ɗina ma na manta ta tun kafin in yi ritaya, amma wata safiyar Laraba, ana saura kwana kaɗan azumi, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku yaran ofis masu takardu, kun sha tambayata yadda aka yi na rasa haƙorin gaba. To ku gyara zama.

Lokacin ina lebura mataki na biyu a sashen kula da dabbobi, an ajiye ni a kwatar wani gari a ƙasar Kiru. Ba zan faɗi garin ba, don har yanzu ina da surukai a can. Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi.

Ga yadda aikin yake a ƙa'ida. Jami'in dabbobi zai duba sa da ransa kafin a yanka. Bayan an feɗe ya duba hanta da huhu. In lafiya, sai a buga hatimi mai shuɗiyar tawada a cinya da ƙirji, alamar naman ya halatta a kai kasuwa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri Oganmu, wato jami'in, ba ya son sammako, sai ya damƙa mini hatimin. Ni ne likita, ni ne alƙali, alhali ba na iya rubuta sunan cuta ko ɗaya.

Kuma akwai al'adar mahauta: duk san da aka feɗe, ana yankar wa mai hatimi ɗan kasonsa, yau hanta, gobe ƙoda, wani lokacin tozo. Shekara tara ina wannan jin daɗi. Na yi wuya, na yi tumbi, har matata Hajara ta ce in na zauna a tabarma ba a ganin tabarmar.

A ranar, bayan sallar asuba, na isa kwata na tarar an riga an feɗe wani ƙaton bijimi na Alhaji Ɗanladi, babban mahaucin da ke ba masu tsire na Kwanar Dangora nama. Na duba wuyan. Bijimin da aka yanka da ransa, bakin yankan yakan tattare, jini ya ɓata ƙasa. Wannan kuwa yankan sumul, ƙasa kusan a bushe, naman ya yi duhu.

Na ce, "Alhaji, yaushe san nan ya mutu?"

Ya ce, "Wace irin magana ce wannan, Malam Ado? Faɗuwa ya yi a mota, 'yan'uwansa suka tattake shi, amma mun same shi da sauran rai. Ya kaɗa wutsiya."

Wanda bai sani ba, a wajen mahauta in dabba ta motsa wutsiya ko ta ƙifta ido lokacin yanka, ta halatta. Shi ya sa duk mushen duniya sai ka ji an ce ya kaɗa wutsiya.

Na ce, "Wa ya gani?"

"Ni da idona."

"Alhaji, gilashinka ma a gida ka bar shi."

Mahauta suka ƙyalƙyale, shi bai yi dariya ba. Ya sa aka yanko tozo guda aka miƙo mini. Wallahi sai da yawuna ya tsinke. Ni ba malami ba ne, izu biyu gare ni, su ma da gyara. Amma na san Allah ya haramta mushe, kuma na tuna direban da zai tsaya a Kwanar Dangora ya sayi tsire, ya ce bismillahi ya kai baki. Bai san Alhaji Ɗanladi ba, bai san ni ba, hatimin kawai ya tsaya masa. Na jefa hatimin a aljihu na ce ba zan buga ba.

Kafin hantsi Oga ya iso a babur, karo na farko da na ga ya zo kwata da wuri. Ya ja ni gindin darbejiya.

"Ado, kai likita ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Kai ne."

"To na ce naman lafiya lau."

Na ciro hatimin na ɗora masa a kan kujerar babur. "Alhamdu lillahi. Ga shi, ranka ya daɗe, ka buga da hannunka mai albarka."

Ya dubi hatimin kamar ya ga kunama. Ya ce, "Ka san ana neman mai riƙe shanu a Doguwa, bakin dajin Falgore? Ba wuta, ba famfo, ba hanta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban so zuwa can ba. A garin nan aka haife ni, ban taɓa kwana uku a wani wuri ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Allah da ke ciyar da ni a Kiru ya san hanyar Doguwa."

Muka tsaya, mahauta na kallo. Oga ya ɗauki hatimin, ya juya shi, ya sa a jaka. Bai buga ba. Ƙarshe dai shi da bakinsa ya ce a zuba wa naman kananzir a binne. Ranar Litinin kuma takardar canjin wurin aiki ta same ni, da sa hannunsa.

Hajara ta sa aka karanta mata, ta ce, "Shekara tara kana cin hanta ba ka tuna Allah ba, sai yau?" Na ce ai gara yau da gobe. Ta yi tsaki, ta fara ɗaure tukwane.

Doguwa ba ta yi mini sauƙi ba. Aikina bin rugage da masu allurar rigakafi, in kama ƙaho, in danne, a tsira allura. Wata uku wandona ya koma kamar na aro. A mako na biyu wata karsana a rugar Arɗo Buba ta nuna mini ita ba hatimi ba ce, ta harbe ni a baki. Arɗo ya tsinto haƙorin a cikin ciyawa ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, Baffa, kada ka ce Fulani sun riƙe maka kaya." Shekara goma sha ɗaya na yi a can, da fura da nono, ba wanda ya dawo da ni, ban kuma roƙa ba.

Abin da na koya shi ne, hatimi shaida ce, kuma gobe ƙiyama mai hannun za a tambaya, ba mai umarnin ba. Manyan ma sun san haka, shi ya sa suke son ƙaramin ma'aikaci ya buga. Duk ranar da aka matsa muku, ku miƙa musu abin da ladabi ku ce su buga da kansu, sannan ku je gida ku fara ɗaure kaya. Tozo dai har yau ina mafarkinsa, sai dai ko an ba ni, ba haƙorin ci.