Foraji a Ƙauyen Innata

A lokacin ina cikin ayarin masu haƙa foraji, wato rijiyar burtsatse. Aikina kula da kwamfureso, babban injin da ke tura iska cikin rami ta buga gudumar ƙarfe, ta kuma huro garin dutse waje. Wata bazara aka tura mu wani ƙauye kudu da Madarumfa, wajen hanyar Ɗan Issa. Ƙauyen mahaifiyata ne. Rijiyarsu ta rufta, mata na bin amalanken jaki har wani gari neman ruwa, awaki sun fara mutuwa.

Mun wuce yashi mun shiga dutse, sai da hantsi kwamfureso ya mutu. Na tada shi, ya yi gurnani ya sake mutuwa. Da na bincika, ashe wata ƴar na'ura ce da ba ta fi babban yatsa ba, ɗaure a jikin tankin iska. Ita ke jin ƙarfin iskar, ta sa injin ya ƙara ko ya sassauta. Ta lalace, tana nuna tanki ya cika alhali bai cika ba.

Sandunan haƙa kuwa duk suna ƙasa. In iska ta daɗe ba ta shiga ba, garin dutse zai zauna ya riƙe guduma, mu yi asarar sanduna da ramin gaba ɗaya.

Shugaban ayarinmu ya ce, "Haɗe wayoyin mana, ka tsallake ta."

Na ce, "Shef, in na tsallake ta ba abin da zai tsai da injin. Tankin nan ya tsufa, ga mutane kewaye da mu."

Ya dubi matan da suka jera bokitai a gindin gawo, ya yi tsaki, ya kira ofishinmu na Maraɗi a aiko da wata na'urar.

Muna cikin jira sai Inna ta zo da ƙwaryar fura mai kauri, ba ta samu ruwan da za ta sassauta ta ba.

"Ɗan nan, an ce injin ya mutu. Gaskiya ne?"

"Za a gyara, Inna."

"Na riga na gaya wa mata kai ne za ka fito mana da ruwa."

Na ajiye ƙwaryar. Na kasa ɗaga kai.

Bayan azahar ɗan kabu-kabu ya iso da sabuwar na'ura, sai na ga ba irin tamu ba ce. Wannan tana da ɗan gilashi mai nuna lamba da maɓallai, wayoyinta ma sun fi na tsohuwar yawa. Ban taɓa ɗaura irinta ba. Wanda ya san ta shi ne makanikenmu na Maraɗi, wayar salula kuma ba ta kamawa sai na hau kan kamiyo, babbar motar kayanmu. Haka na yi ta hawa ina sauka, ƙarfe na ƙona mini tafin hannu.

Na sauke sauran iskar tanki, na kwance tsohuwar, na naɗa farin tef a bakin sabuwar na ɗaure ta. Na haɗa wayoyi, gilashin bai kama ba. Na hau, makanike ya ce na juya wayoyi biyu. Na sauko na gyara, ya kawo haske. Ya ce in daidaita ta a sifiri tun tanki ba iska, sannan in sa mata iyakar sama inda za ta sassauta injin, da ta ƙasa inda za ta sake tura shi.

Na yi bismilla na tada. Bai kai ko'ina ba ya yanke.

Na zauna a ƙasa. Mai haƙa ya gwada juya sanduna, suka ƙi motsi. Wani tsoho ya fara salati da ƙarfi.

Na sake hawa. Muryar makanike na yankewa, amma na tsinci abin da yake faɗi: na'urar na ƙirga da wani ma'auni ne dabam, ba bar ɗin da muka saba ba. Na canza, na sake sa iyakokin. Wannan karon lambar ta yi ta hawa tare da allurar tsohon agogon auna iska da ke jikin tanki. Na shafa kumfar sabulu a mahaɗin, ba ta yi ƙwai ba, alamar iska ba ta zurarewa.

Aka buɗe iska. Shiru. Ƙasa ta yi ta rawa a ƙarƙashinmu, sannan ramin ya yi aman farin gari har ya rufe mu. Sanduna suka juya.

Kwanakin da suka biyo ban matsa daga gaban gilashin nan ba, ko salla sai wani ya tsaya mini. Dutse kawai muke fitarwa. Sai da sandunanmu suka kusa ƙarewa garin dutsen ya fito da danshi, daga baya laka.

Ruwan bai yi yawa ba. An sa famfon ƙafa, kuma har yau in rana ta take yakan ɗauke, mata su zauna su jira ya taru. Da muka kwashe kaya za mu tafi, Inna na cikin layi, ta ɗaga mini hannu daga nesa don kar ta rasa wurinta.