Rigar Allon Kwamfuta

"Garanti fa ba sadaka ba ne, Baba," in ji mai shagon kwamfuta. "Wa ya ce ka sa masa riga?"

Baba Tafireta ya dubi allon kwamfutarsa a kan kanta. Tun yana saurayi yake buga wa mutane takardu. Da allon ya fara dishi-dishi, sai ya ɗauko shi a ka don a sauya masa kyauta kamar yadda aka yi masa alkawari ranar da ya saya, domin in babu allo, babu aiki.

Rigar kuwa matarsa ce ta saƙa da ulu saboda ƙura. Bai taɓa cire ta ba, ko allon yana kunne.

Mai shagon ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera. "Ta toshe kafofin iska, zafi ya dafa shi. Wadda ta saƙa, ita za ta biya ka."

"Ta rasu, ɗana."

"To, Allah ya jiƙansu su biyun."

Masu jira suka kwashe da dariya.

Baba ya mayar wa allon rigarsa, ya gyara bakinta. Ya aza shi a ka, ya nufi gida don zaƙulo tsohuwar tafiretarsa.