Takardar da ke Ƙarƙashin Teburin Baba Tasta

Ranar da wuta ta ɗaga Baba Tasta, yana cikin cika baki ne. Ya jingina da injin niƙan da ke ƙarshen layinmu, wanda shi ya haɗa wa wuta da hannunsa, yana gaya wa matan da ke jiran niƙa cewa shekara talatin da biyar yana wannan aiki, lantarki ya san ƙafarsa. Bai rufe baki ba lantarkin ya gaishe shi. Sai ga dattijo a cikin bahon gari, ƙafafu sama, hula can, tastar gwada wuta da ba ta rabuwa da bayan kunnensa can. Ya miƙe fari fat, ya ce zamewa ya yi.

An yi dariya har da masu riƙe ciki. Shi kuwa da ya koma shago ya zauna, ya ga yatsu biyu na hannun damansa sun ƙi lanƙwasuwa.

Baba Tasta bai yi boko mai nisa ba, amma ka ba shi inji mai layin wuta uku, ya saurari kukansa, zai gaya maka layin da ke ciwo. Shi da lissafi ne dai ba sa ga maciji. 'Yarsa, Auta, ita ce ta gaje shi. Tun tana shekara bakwai take fere masa waya, yana yawo da ita yana cewa, "Wannan ta fi maza goma." Ta tafi makaranta ta dawo injiniya.

Shekara biyu kafin faɗawa bahon, ta zo da na'urarta ta auna sandar ƙarfen da ya kafa a ƙasa bayan injin, wadda ake ɗaura wa wayar ƙasa. Ta rubuta a takarda ta kawo masa shago, mutane na zaune.

"Baba, duba nan. Ƙarfin kowane layi zuwa ƙasa ɗari biyu da talatin ne. Ƙasar wurin ta bushe, taurinta ashirin da uku. In ka raba, goma ke nan. Ranar da waya ta taɓa jikin injin, wuta amfiya goma ce za ta bi ƙasa. Fis ɗinka kuwa sai ta kai sittin yake tsinkewa."

"To sai me?"

"Ba zai tsinke ba, Baba. Injin zai ci gaba da aiki, wuta na kwance a jikinsa tana jiran mai taɓawa."

Da su biyu ne, wataƙila da ya ji. Amma ga tela, ga mai faci, ga maƙwabcinsa mai shegen baki, duk sun zuba ido. Ya ce, "Yau ga ƙwai ya fi kaza wayo!" Ya ninke takardar gida takwas, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai rawa. "Kin ga, karatunki ya yi amfani."

Auta ta ɗauki na'urarta ta fita. Tun daga ranar, in ta zo gida sai ta durƙusa a ƙofar shago, "Baba, ina wuni," ta wuce wurin mahaifiyarta. Maganar waya ba ta sake haɗa su ba.

Yanzu ga shi zaune da gari a kunne. Ba yatsun suka fi damunsa ba. Mai niƙan ce ta faɗo masa a rai, baiwar Allah da ke wanke daɓen wurin ba takalmi. Sau nawa ta ce masa, "Baba, injin nan yana ɗan cizo," shi kuma ya ce ta riƙa sa silifas? Ya ɗaga teburin da gwiwa ya zaro takardar. Ta yi baƙi, ta lotsa, amma goman tana nan. Ya fi awa yana raba ɗari biyu da talatin da alli a bango, ko za ta ba shi wata amsar. Ta ƙi.

Ya sa aka kashe injin, ya kira Auta. Bai iya ba da haƙuri ba, bakin bai saba ba. Cewa ya yi, "Teburin nan ya koma rawa. Ki taho da na'urarki."

Ta zo washegari. Ta ga takardar a shimfiɗe, an danne ta da filaya, ta ga allin bango, ta kau da kai. Suka ƙara sanduna uku a wuri mai danshi, ta sa abin da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Ita ke riƙe da filaya, shi yana miƙa mata kaya da hagu, kamar yadda take yi masa tana ƙarama. Yatsun ba su dawo ba har yau, haka ma shekara biyun da suka yi ba sa shiri.

Da ta tafi, maƙwabcin nan mai shegen baki ya leƙo. "Baba Tasta, ashe dai ƙwai ya fi kaza wayo?"

Ya gyara tastar a bayan kunne. "Ya fi ta, nesa ma. Amma kazar gidan nan ce ta yi shi. Je ka leƙa akurkinka, ka dawo mu yi magana."