Ban Sami Jana'izar Alhaji Sanda Ba

Ina tashar Shinkafi ranar kasuwa, mota ta cika, an ɗaure buhunan gero a baya, muna jiran a ce hanya ta buɗe, sai wayata ta yi ƙara. Malam Isiya ne, mai shayin bakin tasharmu ta Kaura Namoda. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Lawali, kana tuƙi ko kana tsaye?"

"Ina tsaye, Malam Isiya. Lahiya?"

Ya ce, "Ciyaman ya cika. Yanzun nan, kahin azahar."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun hantsi aka ce an ga 'yan bindiga sun tsallaka titi da shanu, babu motar da ke shiga, babu mai fita. Na ce ni dai zan tafi, ko da babu fasinja ko ɗaya. Wani dattijon direba ya zare makulli daga hannuna, ya ce, "Da shi ne nan tsaye, zai bar ka ka tahi?" Na koma na zauna. Aka yi wa Ciyaman sallah bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa, ni kuwa ina zaune kan benci a wani gari, ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba.

Alhaji Sanda, wanda muke kira Ciyaman, shi ne shugaban direbobin tasharmu, masu bin hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Ya daɗe yana jan babbar mota kafin a zaɓe shi, kuma har ya koma ga Allah bai daina tafiya irin ta direba ba, kafaɗa ɗaya a sunkuye. An ba shi ofis da kujera da fanka, amma mai nemansa ya san ba can zai same shi ba. Daga masallacin asuba tasha yake wucewa. Sai ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe da kowa da sunansa, ya tambayi mai jiki idan ya san akwai marar lafiya a gidanka, yana magana yana danna taya da ƙafa. In ya ga wadda ta suɗe, ba ya ɗaga murya. Zai ce, "Wagga ba ta kai Zurmi. Tahi wurin mai faci, layinka na nan." Kuma in ka dawo za ka tarar layinka na nan ɗin, ko da wa ya yi ƙorafi.

Ban taɓa ganin ya yi wa direba faɗa a gaban fasinja ba. In mutum ya yi abin da bai dace ba, sai ka ji ya ce, "Zo ka raka ni shan shayi." Duk tasha ta san ma'anar wannan shayin. Za su koma bayan rumfar Malam Isiya, su zauna su biyu, kuma shi ba ya fara magana sai wancan ya gama faɗin nasa. Na ga ƙato ya fito daga shayin nan idonsa ja, amma ban ga wanda ya fito ya zage shi ba. Yabo kuwa a fili yake yinsa, da ƙarfi, inda 'yan kamasho da masu tallar ƙosai za su ji.

Akwai shekarar da ƙanensa, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shigo layi da sabuwar mota. Wata safiya 'yan kamasho suka tsallake wani bawan Allah suka fara yi wa ƙanen lodi, don su faranta wa Ciyaman. Yana zuwa ya gani, ya ba fasinjoji haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka sauke kayansu, shi da kansa ya ɗauki buhu ya kai motar mai layi. Ƙanen ya yi fushi har ya daina gaishe shi na ɗan lokaci. Abin da Alhaji ya faɗa kawai shi ne, "A gida ƙanena ne. A nan direba ne."

Ni kaina, lokacin da matata ta sha wuya wajen haihuwa, na zo aiki ban runtsa ba, don ba a barin layi. Ya kalli idona, ya miƙo hannu. "Kawo makulli. Ka tahi asibiti." Na ce, "Alhaji, ai zan iya." Ya ce, "Na san kana iyawa. Ni ne ban iya barinka." Da yamma sai ga shi a asibitin, da kwanon fura a hannu.

Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, aikinsa ya sauya. A da rigimar layi da ta kaya yake rabawa. Yanzu rayuka suka koma wuyansa. Kowace safiya sai ya kira mutanen ƙauyukan bakin titi, masu shago da limamai da masu babura, ya ji abin da suka gani, kafin ya saki mota ta farko. Direban da ya dawo kuwa sai ya zaunar da shi. "Kai ka bi hanya, ni ban bi ba. Hwaɗa mini." In bai sani ba, yakan ce bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa raina shi don haka. Ranar da fasinjoji suka matsa, suna cewa kayan gwari za su ruɓe, yakan amsa musu da sanyin murya: "Motar da ba ta tahi yau ba, tana tahiya gobe. Mutum fa?"

A daminar bara ne abin da yake gudu ya same mu. Ya kira duk wanda ya saba kira, kowa ya ce lafiya lau, ya saki motocin Zurmi. Haruna ne a gaba, mutumin Banga, direba mai haƙuri da 'ya'ya ƙanana. Aka tare shi, aka shiga daji da shi da fasinjojinsa. Wasu sun dawo daga baya. Haruna bai dawo ba.

Ranar tasha ta rikice. Wasu na cewa laifin mai babur ɗin da ya ce hanya lafiya ne, wasu na cewa Haruna ne ya cika gudu ya bar sauran motoci. Alhaji ya hau kan benci, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce, "Kowa ya yi shiru. Ni na ce ku tahi. Kada a ɗora wa kowa." Ya sauko ya ce in kai shi Banga. Na ce a aika wani mana. Ya ce wannan saƙo ba na aike ba ne.

Muka tarar da mahaifiyar Haruna tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Alhaji ya cire takalmi, ya durƙusa gabanta, mutum mai furfura.

"Inna, ni ne Sanda, na tasha. An tahi da Haruna. Ni na sake shi da sahe."

Tsohuwa ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Za ka maido mini shi?"

"Inna, ban yi miki alkawarin abin da ba shi hannuna. Amma ban daina nema sai na mutu."

Bai daina ɗin ba. Ya je duk inda ake zuwa, ya zauna a kan kowane benci na jira, ya ji "a yi haƙuri" har ya haddace. Kowace Juma'a bayan masallaci yana Banga, da ɗan hatsi ko sabulu, ya zauna ya faɗa wa tsohuwa gaskiya: babu labari. Muna gani yana ramewa. Likita ya ce jininsa ya hau, ya kwanta ya huta. Ya kwana biyu a gida ya dawo. Muka roƙe shi, muka haɗa shi da Allah, muka tura masa dattawa. Sai ya yi murmushi ya tambaye ka lafiyar birkinka. Malam Isiya ya ce ranar da Alhaji ya faɗi ma waya ce a kunnensa, yana tambayar wani ko motocin safe sun isa.

Da hanya ta buɗe na isa Kaura, na je na yi wa Hajiya Kulu, matarsa, ta'aziyya, na wuce maƙabarta aka nuna mini ƙasar da ba ta gama bushewa ba. A tasha kuwa, da safe mukan tsaya muna kallon juna, kowa na jiran wani ya ce a tafi ko a dakata. Za a zaɓi wani, na sani. Amma Juma'ar da ta wuce ni na je Banga, kuma tsohuwa ta tambaye ni ina Sanda, na rasa ta inda zan fara.

Ya Allah, bawanka Sanda ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauke masa nauyin da ya ɗauka a kanmu, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Kulu da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu. Ka dubi tsohuwar nan ta Banga da jikokinta. In Haruna na raye Ka maido mata shi, in ya riga mu Ka haɗa su da Ciyamansa a cikin rahamarKa. Mu da muka rage a kan hanya ba mu da dabara, ba mu da ƙarfi. Ka kai mu, Ka dawo da mu. Amin.