Kawu Ummaru da Shafin Albasa

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a Wurno ya san jan buhun albasar nan da yake ɗaurewa a bayan babur. Ba albasa ce a ciki ba, kwamfutarsa ce. Mun haɗu mun saya masa jaka, ya miƙa wa matarsa ta zuba daddawa. Idan ya buɗe kwamfutar nan a taro, na kusa da shi sai sun share hawaye.

Bayan ya yi ritaya daga koyarwa ne ya koyi yaren kwamfuta na PHP a waya, ya gina wa ƙungiyarmu ta manoma shafin intanet. Mai saye zai danna rukuni, albasa ko tafarnuwa ko gero ko wake, shafin ya tace rumbun bayanai ya fito masa da masu kayan da lambobinsu. Aiki ya yi kyau, ban musa ba. Amma ranar da ya gama rubuta kod ɗin, wato umarnin da ke tafiyar da shafin, ya rantse a gaban jama'a ba zai sake taɓa ko harafi ɗaya ba. Daga nan muka shiga uku.

Wani makiyayi daga Dinawa ya zo a sa masa bijiminsa. Kawu ya ce babu rukunin shanu.

"To a ƙara mana, Malam."

"Mi shika ci?"

"Harawa."

"Harawar mi?"

"Ta wake."

"To wake na."

Haka bijimi ya shiga rukunin wake. Washegari wata mai ƙosai daga Rabah ta kira makiyayin tana tambayar nawa ne tiya. Ya dawo rai a ɓace, Kawu ya ce masa, "An kire ka ko ba a kire ka ba? Shafi na aiki."

Mutanen Goronyo ma sun yi tattaki da ƙorafi. Ko garinsu ka zaɓa a shafin, albasar Wurno sai ta faɗo a ciki. Shugabansu ya ce wataƙila kuskure ne wajen tacewa. Kawu ya gyara hula.

"Ba kuskure ba na, Alhaji. Ni nar rubuta: garin da anka zaɓa, ko Wurno. In baƙo yaz zo, ba ka nuna mishi abin kirki?"

Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Ni dai nawa ya fi na kowa ciwo. Kawu ya sa shafin yana jera mutane bisa shekaru, wai dattijo ba ya zama bayan yaro ko cikin kwamfuta. Ni ne ƙaramin kowa a ƙungiya, saboda haka ina can shafi na ƙarshe, inda mai saye ba ya leƙawa. A shekarar albasata ta fara ruɓewa a rumbu, kuma ita ce abincin gidana har wata kakar. Na same shi ido jajur.

"Kawu, layi guda na. Ka jera bisa ranar da anka sa kaya."

"Nasiru, na yi rantsuwa."

"Albasata na ruɓewa."

"To ka girma da sauri."

Na fita ban yi sallama ba, na kuma daina zuwa gaishe shi. Wallahi na ji haushinsa har cikin raina.

Ana nan sai wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wani mai mota ya zo har gona yana tambayar Baba Nasiru. Na ce ni ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shafi ya nuna na haura saba'in. Ashe Kawu bai taɓa kod ba. Rumbun bayanai ya shiga, ya sa shekarunsa a layina, ya sa nawa a nasa. Albasata ta ƙare tas. Tafarnuwarsa kuwa ta gangara shafin ƙarshe, ta bushe a ɗaki babu wanda ya taya.

Na je na durƙusa zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

"Tashi, Baba. Ni ya kamata in zo gaishe ka."

Na roƙe shi ya karɓi shekarunsa, ya ce sai bayan damina. Bai ga ƙarshen daminar ba. Har yau sunansa yana can ƙasa cikin yara, ni ina sama cikin dattawa da shekarun da ba nawa ba, kuma hannuna ya kasa gyarawa.

Allah Ya jiƙan Kawu Ummaru, Ya yafe masa taurin kansa, Ya sa shi a sahun gaba.