Ragowar Tayil ɗin Baba Sukwaya

Baba Sukwaya ake ce masa, sunan ƙarfen nan da magina ke daidaita kusurwa da shi, don ko kujera ya gani a karkace sai ya gyara mata zama kafin ya zauna. Tun yana saurayi yake durƙuso a ɗakunan mutane yana shimfiɗa tayil, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Shi ya koya wa ƙaninsa sana'ar, daga kwaɓa siminti har riƙon tef ɗin awo.

Kwatsam 'yarsa ta fari ta gina gida, ta kira ƙanin nan ya sa mata tayil. Wai tana tausayin gwiwar Baba. Tausayin me? Kishi ya turnuƙe shi, har abinci ya daina yi masa daɗi. Falon 'yar cikinsa, a ce wani ne zai durƙusa a ciki.

Filin gidan a karkace yake, falon ma ya bi shi, bango biyu sun kwanta gefe guda kamar kwalin da aka tura. Baba ya san dokar irin wannan ɗaki sarai. Ba a bin bangon da ya kwanta. Tsawon ɗakin ake ninkawa da faɗinsa a miƙe, don abin da aka yanke a wannan kusurwa shi zai cike waccan. Ya leƙa lissafin, ya ga haka ƙanin ya yi, har da ɗan ƙari saboda fashewa. Babu kuskure ko ɗaya, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Sai ya ja 'yar tasa gefe, ya shimfiɗa tef a jikin karkataccen bangon da gangan, ya ce tayil ɗin da baffanta ya ƙiyasta ba zai isa ba. So yake ta ce ya karɓi aikin. Ita kuwa kwalaye kawai ta ƙaro.

Aiki ya ƙare, falo ya yi sumul, kwalayen da Baba ya sa aka ƙaro ko buɗe su ba a yi ba. Ta sa aka kawo masa su gida. Yana ɗaki ya jiyo ta tana yi wa mahaifiyarta magana ƙasa-ƙasa.

"Umma, kar ki faɗa masa. Baffa ya ce tsufa ne, lissafi ya fara kwance masa. Gara da ban ba shi aikin ba."

Ya buɗe baki zai ce da gangan ya yi, sai ya rufe. Kwalayen suna nan a lungun ɗakinsa, ya jera su daidai da bango.